Ku Tambaya Mu Amsa: Gogen Turawa Na Cikin Kwamfuta

Filin wannan wata na masu haɗa kiɗa ne. Wasiƙun da suka taru mana, galibinsu daga situdiyoyin Yamai sai ɗaya daga Tawa, duk a kan abu guda suke, wato rumbunan sautin gogen Turawa da ake sayarwa da jimlolin kiɗa shiryayyu. Biyolon da alto da selo da kwantirbas ne aka ɗauka suna kaɗa wani yanki tare, mai haɗa kiɗa ya danna fiyano su tashi. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda wuri.

Assalamu alaikum. Ina koyon haɗa kiɗa da manhajar FL Studio. Duk sanda na kaɗa biyolon da fiyano sai ya fito a sandare, musamman wurin sauri. An ce in nemi rumbun jimloli. Mene ne bambancinsa da wanda nake da shi, kuma zai raba ni da matsalar?
*Wani matashi daga Bukoki, Yamai*

Wa alaikumus salam. Zai raba ka da wannan matsalar, ya kuma kawo maka wata, gara ka san su duka biyun kafin ka fitar da kuɗi.

Rumbun da ke hannunka na noti ɗai-ɗai ne. An zaunar da makaɗa aka ce su ja Do, aka ɗauka, su ja Re, aka ɗauka, wani da tsawo, wani a gajarce, wani a tsinke da yatsa, kai kuma kake jera su. Abin da ba ya shiga cikin irin wannan ɗauka shi ne abin da ke faruwa tsakanin noti da noti: yatsa yana zamewa a kan tsirkiya, izga tana juyawa, mutum goma sha wani abu ba sa sauka a kan noti a ƙiftawa ɗaya. In ka maimaita noti guda sau takwas da sauri, kwamfuta ɗauka ɗaya ko ƴan kaɗan take ta maimaitawa, kunne kuwa ba ya ɓata lokaci wajen ganewa.

A rumbun jimloli an ba makaɗan takarda, an sa musu tempo a kunne, suka kaɗa mezir, wato gidan bugu na kiɗa, ɗaya ko biyu ko huɗu a jere, sannan aka sake ɗaukar jimlar a ton daban-daban, majer da miner. Duk wannan rai da kake nema yana ciki, tunda mutane ne suka kaɗa da gaske. Daga cikin waɗanda aka fi sani akwai Action Strings da Emotive Strings na kamfanin Native Instruments, da na Sonokinetic na ƙasar Holan irin su Minimal, Grosso, Capriccio da Sotto, dukkansu a cikin Kontakt, manhajar da ke buɗe rumbunan sauti, suke aiki. Akwai kuma wani iri da ake yawan rikitawa da su, kamar The Orchestra na Sonuscore. Shi gajerun noti ɗai-ɗai yake jerawa da kansa bisa tsarin da ka ba shi, don haka kana iya sauya kowane noti, amma bai kai jimlar gaske santsi ba.

Matsalar da zai kawo maka ita ce jimla rigar kanti ce, an riga an ɗinka ta. Saurinta, notocinta, ƙarfin da aka ja izga da shi, har da amon ɗakin da aka yi ɗaukar, duk sun daskare a ciki. Shi ya sa shawararmu ita ce ka ba ta aikin motsi a ƙarƙashin waƙa: tsari mai maimaituwa da ke tura amshi gaba, gudu daga ƙasa zuwa sama kafin baiti ya shiga, karkarwar tsirkiya mai tasowa a wurin tashin hankali a fim. Karin waƙar kansa ka bar shi ga murya, ko goge, ko rumbunka na noti ɗai-ɗai.

Wajen aiki, fara da tsayar da tempo kafin ka taɓa komai. A na Sonokinetic hannun hagu yana danna akor, wato notoci da ake danna su tare, mai noti uku, majer ko miner, rumbun ya zaɓo ɗaukar da ta dace da shi, wasu maɓallan fiyanon kuma suna sauya jimla ko su kashe wani rukunin makaɗa. Bayan ka ɗauka, shiga ka daidaita farkon notocin da suka tayar da jimlar su zauna daidai kan layin mezir, domin in ka makara kaɗan duk jimlar ce za ta makara. Noti ukun akor su fara tare, in ɗaya ya riga sauran rumbun yana iya karanta wani akor daban. Ka kuma duba ko an saita shi ya ci gaba daga inda yake in akor ya sauya, ko ya koma farko. Yawancin tsalle-tsallen da ake ji a tsakiyar jimla daga wannan saitin yake.

Waƙata tana tafiya a bugu 88 a minti. Jimlar da na zaɓa ta yi daɗi da na saurare ta ita kaɗai, amma da ta shiga waƙar sai sautin ya riƙa karkarwa, ya yi ruwa-ruwa. Rumbun ne ya lalace?
*Mai situdiyo a Lazare*

Lafiyarsa lau, jan da aka yi wa sautin ne ya yi yawa. Kowace jimla tana da tempon da aka ɗauke ta a kai, yana rubuce a littafin rumbun ko a sunan fayil ɗin. A ce an ɗauke ta a bugu 130 a minti. Mezir mai bugu huɗu da makaɗa suka gama cikin daƙiƙa 1,85 yanzu ana so ya cika daƙiƙa 2,73. Kwamfuta ba ta da ƙarin sautin da za ta cike gibin, sai ta yanyanka wanda ke akwai ƙanana-ƙanana ta maimaita su. Sakamakon shi ne bakin noti ya dushe, rawar yatsa a kan tsirkiya ta yi nawa fiye da yadda ɗan Adam ke yi, amon ɗakin ma ya miƙe.

Abin da kunne ke yarda da shi bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari sama ko ƙasa ba, kuma ƙara sauri ya fi rage shi ɓoyuwa. Jimlar 130 ke nan tana zaune lafiya daga wajen 112 zuwa 150. Waƙa mai tafiya a 65 ba ta da damuwa, sai a bar jimlar ta yi ninki biyu, ta koma gidanta na 130. Amma 88 ya faɗa tsakiya, ya yi ƙasa da yawa, ninkinsa 176 kuma ya yi sama da yawa. In kiɗanka mai tafiya biyu-biyu ne, nemi jimlar da aka ɗauka tsakanin 80 da 100. In mai tafiya uku-uku ne, ka yi sa'a, duba amsar da ke biye.

Abu biyu kuma. Sauya tempo a hankali a tsakiyar waƙa yana sa wasu rumbuna ƙas-ƙas, mafita ita ce a fitar da jimlar ta zama sauti a tempo tsayayye sannan a lanƙwasa ta da kayan jan sauti na manhajar. Na biyu, ga masu amfani da jimloli na WAV, wato fayil ɗin sauti: in an karanta fayil mai ɗaukar sauti sau 44100 a daƙiƙa a matsayin mai 48000 ba tare da an juya shi ba, zai yi sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya kuma hau sama da kusan rabin ton ɗaya da rabi (rabin ton shi ne tazarar maɓallin fiyano zuwa na kusa da shi). In ka ji jimla ta ƙi ton ta ƙi tempo gaba ɗaya, nan za ka fara dubawa. Ɗaga jimlar WAV ko sauke ta fiye da rabin ton biyu ma yana sauya jikin kayan, selo ya koma kamar alto.

Yawancin kiɗanmu na biki da na dandalin soyayya da kalangu ne, kuma kowane bugu gida uku yake rabuwa. Jimlolin da nake da su duk 4/4 ne, in na ɗora su sai su riƙa kokawa da ganga. Akwai dabara?
*Makaɗin fiyano daga Wadata*

Akwai, amma sai an yi ɗan lissafi. Waɗanda suka tsara yawancin rumbunan nan kiɗan finafinan Amurka da Turai suke da shi a rai, shi ya sa 4/4 ya mamaye su. Namu kuwa da yawansa 6/8 ne ko 12/8, ko da mai situdiyo ya bar manhajar a 4/4 ya raba bugu uku.

Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi jimlar da tun asali aka kaɗa ta uku-uku. Grosso na Sonokinetic a 12/8 aka ɗauke shi, wasu rumbunan kuma suna da rukunin jimloli masu raba bugu uku. In akwai su, magana ta ƙare.

In babu, ga lissafin. A ce kalangu yana tafiya a bugu 88, kowane bugu ya rabu uku, ƙananan bugu 264 ke nan a minti. Jimlar 4/4 da ke tafiya a 132, kowane bugu ya rabu biyu, ita ma 264 ce. Ƙananan bugun nata da naka tsawonsu ɗaya. Don haka ka ninka temponka sau ɗaya da rabi, ka buɗe wani aiki daban a wannan tempon, ka fitar da jimlar ta zama WAV, ka shigo da ita waƙarka ba tare da ka bar manhajar ta ja ta ba. Sai dai mezir ɗinta ƙananan bugu 8 ne, naka 12, ba za su sake haɗuwa a farko ba sai bayan 24, wato mezir uku nata, biyu naka. Kafin nan nauyinta yana faɗuwa inda kalangu bai sa nasa ba, wannan ce kokawar da kake ji. Yanke ta bayan ƙananan bugu 6 ka maimaita, ka sa ɗan lallausan haɗi na milisakan 10 zuwa 20 a bakin yankan don kada ya yi ƙara. Jimlolin da ke maimaita noti ɗaya ko biyu ba tare da nauyi mai ƙarfi ba su suka fi jure wannan yanka. Mai dogon kari ba ta jurewa, kada ka wahalar da kanka.

Jimlar 3/4 kuwa kyauta ce. Ƙananan bugunta 6 ne, tana cika mezir na 6/8 cif, tana nauyi sau uku inda ganga ke nauyi sau biyu. Wannan uku a kan biyu ba baƙo ba ne a kunnenmu, makaɗanmu suna yin sa tun kafin a san situdiyo.

In kalangun na hannu ne aka ɗauka, ba zai zauna kan layin kwamfuta ba, kuma bai kamata a tilasta masa ba. Jimlar za ka yanka a kowane bugu ka matsar da ita ta bi makaɗin. Ka kuma tuna tsirkiya tana ɗaukar ɗan lokaci kafin sautinta ya cika, jawo layin gogen Turawan gaba da milisakan 20 zuwa 50 yakan sa ya daina jin kamar yana jan ƙafa.

Muna gaishe ku da aiki. Wani dattijo mai goge muke ɗauka, munka aza mishi jimlolin biyolon a La miner don kiɗin ya cika. Ton ɗaya ne, amma in sunka haɗu sai kunne ya ƙi, shi kanshi dattijon ya ce wanga abu ba ya tare da shi. Ina gyaran yake?
*Mai situdiyo daga Tawa*

Malam, dattijon ya yi gaskiya, kuma dalili biyu ne suka haɗu.

Na farko notoci ne. Yawancin karin gogenmu da waƙoƙinmu a kan noti biyar suke tafiya. In gidan La ne, su ne La, Do, Re, Mi, Sol. Jimlar Turawa a La miner noti bakwai take yawo a kai, ta ƙara Si da Fa, wani lokaci ma ta ɗaga Sol ya zama Sol diyez don ta koma gida. Fa rabin ton ne tsakaninsa da Mi, Si rabin ton ne da Do, Sol diyez kuma yana karo kai tsaye da Sol na goge. In goge ya tsaya a kan Mi yana ja, biyolon goma suna riƙe da Fa a bayansa, dole kunne ya ƙi. Noti na waje da ya wuce da gudu a bugu marar nauyi ba ya cutarwa, wanda aka riƙe ko aka sa a farkon mezir shi ne matsala.

Ku lura da wannan: a cikin noti biyar ɗin nan, akor mai noti uku na majer ko miner guda biyu ne kawai ke fita cikakku, La miner da Do majer. Re miner yana ɗauke da Fa, Sol majer da Mi miner suna ɗauke da Si. To rumbun da ba ya karɓar komai sai majer da miner, da zarar kun bar waɗancan biyun zai shigo muku da baƙon noti. Abin yi shi ne ku zaɓi jimlolin da aka gina a kan tushe da na biyar da oktab kawai, kamar La, Mi, La, ko Re, La, Re. Rumbuna irin na Sonokinetic suna nuna takardar kowace jimla, ku duba kafin ku zaɓa. Wanda ba ya karanta takardar kiɗa ya jawo MIDI na jimlar in rumbun ya yarda, ya ga notocin a allo, ko ya nemi wanda ya yi karatun, irin waɗanda suka bi ta cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya ta Yamai. Jimlar da kuke ƙauna amma tana da Si da Fa, ku ajiye ta a gibin da goge ya yi shiru, ta zama amshi.

Na biyu saiti ne, kuma ya fi wuyar gyara. Fiyano ya raba oktab gida 12 daidai wa daida, mai goge kuwa da kunne da yatsa yake sa notinsa, na ukunsa yana iya zama tsakanin Do da Do diyez, kuma ba kuskure ba ne, haka karin yake. A rumbun jimloli kuna iya ɗaga dukkan sautin ko ku sauke shi, amma ba ku iya taɓa noti ɗaya a cikin jimlar da mutane da yawa suka kaɗa tare. Wannan ma dalili ne na barin na uku ga goge shi kaɗai, biyolon su riƙe tushe da na biyar, inda saitin biyu suka fi kusa.

Ga yadda za ku bi. Ku ɗauki gogen tukuna, da ganga ko ba ganga, yadda dattijon ya saba. Ku sa na'urar auna ton a kan notin da yake komawa ya huta, ku ga santi nawa ya kauce, rabin ton santi 100 ne. In ya kauce zuwa ƙasa da santi 30, ku sauke rumbun da santi 30 a maɓallin saiti na Kontakt, haka bas da duk sauran kayan kwamfuta. Kada ku ɗauka kowane rumbu a saitin La mai Hz 440 yake, wasu ƙungiyoyin makaɗa na Turai a 442 suke saiti, bambancin kusan santi 8 ne, a noti mai tsawo ana jin sa. Kuma ku gama ɗaukar gogen a zama ɗaya in da hali. Fatar da ke kan ƙwaryar tana saki da damina, tana ɗaurewa da hunturu da zafin rana, gogen safe da na la'asar ba lallai su tsaya wuri ɗaya ba.

Abin da muke roƙonku kada ku yi shi ne sa manhajar gyaran murya a kan gogen don ya bi biyolon. Zamewar nan da lanƙwasar nan su ne kiɗan, biyolon ɗin rakiya suka zo yi.

Ni mawaƙiya ce. Mai haɗa mini kiɗa ya sa biyolon masu yawa, a situdiyo abin ya yi kyau, amma a waya muryata ta nutse, kalmomin ba sa fita. Me zan ce masa ya gyara?
*Wata baiwar Allah daga Yantala*

Malama, ki fara da roƙonsa ya rage yawansu a inda kike waƙa. Jimlolin nan cike suke, rukuni huɗu ko biyar a lokaci guda. A baiti ya bar selo da alto, ko ma selo kaɗai, ya ajiye biyolon na sama sai amshi da wuraren da kika yi shiru. Wannan ya fi duk wani gyaran na'ura.

Sauran na hannunsa ne, ki kai masa wannan shafin. Fitar kalmomi tana zaune wajen Hz 2000 zuwa 4000, nan kuma biyolon ke da kaifi, ya rage musu dB 2 zuwa 3 a wurin, ko ya sa kwamfuresa da za ta duƙar da su kaɗan duk sanda murya ta shigo. A ƙasa kuma, notin biyolon mafi ƙasa Sol ne mai Hz 196, na alto Do mai 131, na selo Do mai 65, na kwantirbas Mi mai 41. Duk abin da ke ƙasa da 150 a layin biyolon gurnanin ɗaki ne, ya yanke. In akwai bas a waƙar, ya kashe kwantirbas na jimlar, su biyun ba sa zama wuri ɗaya.

Amon ɗaki ma yana cin murya. An ɗauki jimlolin a babban zaure, in ya ƙara musu wani amon daidai da na sauran kaya sai su yi hazo. Ya ɗaga makirfo na kusa, ya rage na nesa. Kada ya kwafi jimla guda a layi biyu don ta yi kauri, in layukan suka ɗan saɓa a lokaci sautin zai riƙa cin juna. Kuma rage ƙara ba ya mayar da jimlar da aka kaɗa da ƙarfi ta zama mai taushi, kaifin izgar yana nan, sai dai ya zaɓi wadda aka kaɗa a hankali. Kafin ki karɓi aikin, ku saurare shi a lasifikar waya da ƙaramar rediyo mai baki ɗaya, tunda a nan mafi yawan masu sauraronki za su ji shi.

Kwamfutata tana da RAM giga 8. Da na buɗe rumbu biyu sai sauti ya fara tsinkewa, da rana abin ya fi muni. Sai na sayi sabuwa?
*Ɗalibi daga Harobanda*

Ba dole ba tukuna. Rumbun noti ɗai-ɗai yana ɗora bakin kowane sauti ne kawai a RAM, ya riƙa karanto sauran daga dis. Jimlolin da ake ja su bi tempo da Time Machine Pro na Kontakt kuwa gaba ɗayansu ake ɗorawa, ga jan yana cin ƙarfin kwamfuta. Bayan ka zaɓi jimlolinka, yi amfani da umarnin Purge ya sauke duk abin da waƙar ba ta taɓa ba, ka kashe makirfon da ba ka buƙata, domin kowane ɗaya ɗauka ce daban. Da zarar layi ya zauna, fitar da shi ya zama WAV ka rufe rumbun, ka adana MIDI ɗin don gyaran gaba. Ma'ajin wucin gadi na kat ɗin sautinka ka bar shi a 256 lokacin kaɗawa, jinkirin milisakan 5 da ɗoriya ne a 48000, ka ɗaga shi zuwa 1024 lokacin haɗawa.

Na rana kuwa zafi ne. A watan Afrilu da Mayu Yamai tana wuce digiri 40, kwamfuta in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ka ɗaga ta daga tebur iska ta shiga ƙarƙashinta, ka sa a share ƙurar hunturu daga fankarta, ka yi aiki tana jone da wuta. In za ka kashe kuɗi, SSD ne farko, sai RAM zuwa giga 16, sai ondiler, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar adanawa tana lalata fayil.

Kafin saye ka duba abu biyu. Girman rumbun, tunda giga 30 a intanet mai megabit 5 ya haura awa 13 ana saukewa. Sannan ko yana aiki a Kontakt Player na kyauta, domin wanda aka yi don cikakken Kontakt yana tsayawa bayan minti 15 a Player.

In na yi waƙa da waɗannan jimloli, tawa ce? Na ji an ce YouTube na iya kama mutum a kan waƙarsa.
*Mawaƙi daga Talaje*

Waƙar taka ce, jimlar ba taka ba ce. Abin da ka saya izini ne na amfani da ita a cikin kiɗanka, har na sayarwa, galibi ba tare da ka sake biyan kamfanin komai ba. Izinin ba ya ba ka damar fitar da jimlar tsirara ka sayar ko ka raba wa abokai, kuma kowane kamfani da sharuɗɗansa, ka karanta takardar da ta zo da rumbun. Wanda ya karɓi kwafin da aka fasa a kile ba shi da wannan izinin ko kaɗan, ranar da aikinsa ya shiga fim ko talla aka nemi shaida, ba shi da abin nunawa.

Maganar YouTube gaskiya ce. Dubban mutane sun sayi jimlar da ka saya. In wani ya bar ta a fili a farkon waƙarsa, ya kuma yi wa waƙar rajista a tsarin Content ID, na'urar tana iya jin jimlar a taka ta ce tasa ce. Kana da damar ƙalubalantar kamun, abin da zai taimake ka shi ne rasit na saye da takardar izinin, ka adana su tare da fayil ɗin aikin. Rigakafinsa kuma kada ka bar jimla ita kaɗai na tsawon daƙiƙoƙi: ɗora mata ganga ko murya, haɗa selo na wata jimla da biyolon na wata, sauya akor a inda ba a saba ba. In ka je rajista a BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa na ƙasa, ka rubuta baitocinka da karin da kai ka ƙirƙira da tsarin da ka yi, kuma in akwai mai goge ko mai kalangu da ya kawo nasa karin, a sa sunansa tun a takardar farko.